Me ya sa tsohuwar kwamfuta ba ta iya ganin babban faifan ajiya?

Katin memori mai gigabayit 16, wanda ake saye a kowace kasuwar waya ba tare da dogon ciniki ba, ya ninka faifan ajiyar kwamfutar IBM PC/XT ta shekarar 1983 sau 1,600. Wancan faifan megabayit 10 kawai yake ɗauka, kuma a zamaninsa abin alfahari ne ga ofishin da ya mallake shi.

Don haka mutum zai zaci cewa idan faifan tsohuwar kwamfuta ya mutu, babu abin da ya fi sauƙi irin a samo adafta a haɗa mata sabon kati, ta samu wurin ajiyar da ba za ta taɓa cikawa ba. Masu gyara sun san lamarin ya fi haka wuya. Wani lokaci kwamfutar takan ƙi tashi baki ɗaya. Wani lokaci takan tashi amma ta ce katin megabayit 504 ne kawai. Mafi muni shi ne ta karɓe shi lafiya lau, a yi makonni ana aiki, sannan wata rana a wayi gari duk abin da ke kai ya ɓace.

Adafta tana warware matsalar haɗi ne kawai, wato yadda bakin wannan zai shiga bakin wancan. Akwai matsala ta biyu da ba a gani da ido: kowace tsohuwar kwamfuta tana da lambar da ƙidayarta ke tsayawa a kai, kuma ba ta iya kaiwa ga duk wani wuri a faifai da ya wuce wannan lamba.

Batun ya shafi mutane fiye da masu tara tsofaffin na'urori don sha'awa. Akwai injinan ɗab'i, da na saƙa da ɗinkin sirfani, da na ɗakunan gwaje-gwaje, waɗanda manhajarsu ba ta aiki sai a kan kwamfutar da suka zo da ita shekaru 25 ko 30 da suka wuce. Injin yana nan garau, amma ranar da faifan ya tsaya aiki ya tsaya. Akwai kuma rubuce-rubuce. A shekarun 1990, lokacin da littattafan Hausa na Kano suka cika kasuwa, a shagunan buga takardu aka riƙa tsara da yawa daga cikinsu, haka ma kundayen digiri na ɗalibai da takardun ƙungiyoyi. Abin da ya tsira daga cikin waɗannan yana kwance ne a kan irin waɗannan faifai.

Yadda ake yanka faifai

Faifan ajiya, wanda masu gyara ke kira had-dis, an raba shi zuwa ƙananan gurabe, kowanne yana ɗaukar bayit 512. Kafin babbar manhajar kwamfuta ta yi amfani da shi, sai an yanka shi kamar yadda ake yanka fili zuwa fulotai. Kowane yanki yakan fito a matsayin faifai mai zaman kansa, shi ne abin da mai amfani da Windows ke gani da sunan C ko D ko E.

Tsarin da aka fi sani ya zo ne a watan Maris na 1983, tare da PC/XT da manhajar DOS 2.0. An keɓe gurbin farko na faifan domin ya zama rajista, ana kiransa MBR. Daga cikin bayit 512 da ke cikinsa, 446 na umarnin tayar da kwamfuta ne, 64 na jerin yankuna, biyun ƙarshe kuma hatimi ne da ke nuna rajistar ingantacciya ce. Kowane yanki yana buƙatar bayit 16 don a rubuta inda ya fara da inda ya ƙare. Idan aka raba 64 da 16 za a samu huɗu. Wannan ne dalilin da ya sa har shekaru kusan talatin bayan haka faifan kwamfuta bai iya ɗaukar manyan yankuna fiye da huɗu ba.

Duk abin da ke kan faifai ya dogara ne da wannan gurbi guda. Idan ya lalace, bayanan suna nan a inda suke, amma kwamfutar ba ta san iyakar kowane fuloti ba, sai ta ce faifan babu komai a kansa.

Shingen farko da masu amfani da DOS suka ci karo da shi shi ne megabayit 32. Manhajar tana ba kowane gurbi lamba, kuma ta ware bit 16 ne don rubuta lambar. Da bit 16 ba a iya ƙidaya fiye da 65,536. Idan aka ninka wannan da bayit 512 za a samu megabayit 32 cif. A 1983 wannan ya yi kama da abin da ba za a kai ba, domin faifan Seagate ST-506 da ya fito a 1980 megabayit 5 yake ɗauka kuma ana sayar da shi dala 1,500. Shekaru huɗu kacal bayan fitowar PC/XT, faifai masu megabayit 40 sun zama ruwan dare.

Maganin farko shi ne a yanka faifan gida-gida. DOS 3.3 ta 1987 ta ba da damar a mayar da ɗaya daga cikin yankuna huɗun nan ya zama babban fili da za a sake yankawa a ciki, kowane ƙaramin yanki da harafinsa. Mai faifan megabayit 120 sai ya samu C da D da E da F. A ƙarshen shekarar kamfanin Compaq ya fitar da DOS 3.31 wadda ta faɗaɗa lambar gurbi zuwa bit 32, sannan DOS 4.0 ta 1988 ta kai wannan gyara ga kowa.

Daga nan iyakar ta koma gigabayit 2, saboda wani dalili daban. Tsarin FAT16 ba ya bin gurabe ɗaya bayan ɗaya, yana tattara su ne dami-dami, kuma ba ya iya riƙe dami fiye da kusan 65,500. Idan yanki ya girma, dole kowane dami ya girma. A yanki mai gigabayit 2 kowane dami kilobayit 32 ne, don haka wasiƙa mai layi uku takan cinye kilobayit 32 cur. Masu gyara na wancan zamani sun riƙa ba da shawarar a yi ƙananan yankuna don rage wannan asara, kuma shawarar tana nan daram ga duk wanda zai sa wa kwamfutar DOS sabon kati a yau.

Kwamfutar Sakhr ta ƙasashen Larabawa

A ƙasashen yankin Gulf, kwamfutar da yara da yawa na shekarun 1980 suka fara taɓawa ba ta IBM ba ce. Sunanta Sakhr, wato dutse da Larabci, kuma kamfanin Al Alamiah na ɗan kasuwar Kuwait Mohammed Al-Sharekh ne ya kawo ta. An gina ta a kan tsarin MSX, wanda kamfanin ASCII na Japan da Microsoft suka sanar a 1983. Kamfanonin Japan irin su Yamaha da Sanyo ne ke ƙera na'urorin, injiniyoyin Al Alamiah kuma suka koya musu Larabci, suka samar da manhajojin karatu da na Alƙur'ani. Bayan mamayar da Iraƙi ta yi wa Kuwait a 1990 aikin ya koma Alƙahira. Al-Sharekh ya samu kyautar Sarki Faisal ta hidimta wa Musulunci a 2021, ya kuma rasu a watan Maris na 2024.

Sakhr ba ta zo da faifan ajiya ba. Ana loda mata manhaja ne daga kaset na rediyo ko daga katirij da ake cusawa a wata kafa a samanta, sai wasu samfura na baya da suka zo da fulofi mai inci 3.5. Wannan kafar katirij ce ta zama ƙofar da ake shigar mata da ajiya ta zamani. Tun a shekarun 1990 wata ƙungiyar masu sha'awa a Turai ta ƙera katirij mai suna Sunrise IDE, daga baya kuma aka samu irin su MegaFlashROM SCC+ SD da Carnivore2, waɗanda ke karɓar katin memori kai tsaye.

Wanda ya zaro Sakhr daga ɗakin ajiyar gidansu a Umm Salal, arewa da birnin Doha na Qatar, ya saya mata ɗaya daga cikin waɗannan katirij, zai tarar da shingen nan na megabayit 32 yana jiransa. Manhajar MSX-DOS 2 ta 1988 tana amfani da tsarin FAT12 da lambar gurbi mai bit 16, kamar DOS ta farko. Ƙari a kan haka, MSX haruffa takwas kawai take da su na faifai, daga A zuwa H. Wani ɗan ƙasar Sifaniya, Néstor Soriano, ya rubuta wata manhaja mai suna Nextor da ta ɗaga iyakar zuwa gigabayit 4 a kowane yanki. Sai dai wannan yana buƙatar ƙwaƙwalwar aiki mai kilobayit 128 zuwa sama, alhali samfurin AX-170 da ya fi yaɗuwa kilobayit 64 gare shi. Idan katirij ɗin bai zo da ƙarin ƙwaƙwalwa a cikinsa ba, na'urar takan koma tsarin MSX-DOS 1, inda yanki ba ya wuce megabayit 16. Mai saye ya kamata ya duba wannan kafin ya biya kuɗi.

A gaskiya ƙorafi a kan wannan iyaka bai da yawa. Megabayit 32 daidai yake da fulofi 45 masu kilobayit 720, kuma yaran da suka taso da Sakhr kaɗan ne suka taɓa mallakar fulofi 45.

Inda ƙidaya biyu suka yi karo

Shingen da ya fi shahara a kwamfutocin IBM da makamantansu shi ne na megabayit 528, kuma labarinsa ya fi na sauran ban mamaki, domin babu wanda ya tsara shi da gangan.

A farkon zamani ba a kiran gurbi da lamba guda. Ana ba da adireshinsa ne da lambobi uku, kamar a ce unguwa da layi da gida: silinda ta nawa, kan karatu na nawa, gurbi na nawa. Ƙaramar manhajar da ke cikin babban allon kwamfuta, wadda ake kira BIOS, tana iya ƙidaya silinda 1,024 da kan karatu 256 da gurbi 63. Shi kuma tsarin haɗi na IDE yana iya ƙidaya silinda 65,536 da kan karatu 16 da gurbi 255. Kowanne shi kaɗai yana iya kaiwa gigabayit masu yawa. Amma da yake saƙo sai ya bi ta cikin dukansu biyun, a kowane mataki ƙaramar lamba ce ke yin hukunci: silinda 1,024, kan karatu 16, gurbi 63. Idan aka ninka su da bayit 512 za a samu bayit 528,482,304.

Wasu littattafai suna cewa 528, wasu 504, kuma duk abu ɗaya suke nufi. Masu ƙera faifai suna lissafa megabayit a matsayin bayit miliyan ɗaya, manhajar kwamfuta kuma tana lissafa shi a matsayin 1,048,576.

Kusan duk kwamfutar 286 da 386, da yawancin 486 da aka ƙera kafin 1994, suna da wannan iyaka. Daga wannan lokaci aka fara yin BIOS mai dabarar fassara: sai ta rage adadin silinda ta ƙara adadin kan karatu, ta gabatar wa DOS wani faifai na ƙarya da lissafinsa ya dace. Dabarar ta kai har silinda 1,024 da kan karatu 255 da gurbi 63, wato gigabayit 8.4, sannan ta ƙare. An tsaya a 255 ne maimakon 256 saboda wani kuskure a cikin DOS da ke sa ta daskare idan ta ga 256.

Waɗanda ba su iya sauya BIOS ba sun koma ga manhajoji irin su Disk Manager na kamfanin Ontrack da EZ-Drive, waɗanda ke zama a gurbin farko na faifai su karɓe aikin BIOS tun kafin DOS ta tashi. Suna aiki, amma sun bar wa masu ceto bayanai na yau tarko. Faifan da aka sa wa Disk Manager yakan gusar da komai da gurbi 63, don haka idan aka haɗa shi da sabuwar kwamfuta sai ta ga kamar babu komai a kai.

Mafita ta dindindin ita ce a daina adireshi mai lamba uku, a riƙa ƙidaya gurabe daga sifili zuwa ƙarshe. Ana kiran wannan LBA. An fara shi da bit 28, wanda ya ba da gigabayit 137, kuma a farkon shekarun 2000 aka faɗaɗa shi zuwa bit 48. A tsakani an sha ƙananan wahalhalu: wasu BIOS na kamfanin Award sukan daskare idan faifai ya wuce gigabayit 33.8, manhajar yanka faifai ta Windows 98 kuma takan yi kuskuren lissafi da zarar an wuce gigabayit 64. Ita kanta rajistar MBR ta tsaya a terabayit 2.2, abin da ya sa sababbin kwamfutoci suka koma tsarin GPT, wanda tsofaffi ba sa ganewa ko kaɗan.

Lokacin da ƙidaya ta koma sifili

Kwamfutar da ta ƙi ganin faifai ta yi wa mai ita alheri, domin ta gaya masa akwai matsala. Haɗarin yana wurin wadda ta yi shiru.

Tsohuwar mota da mitarta ke da gurbin lambobi biyar, idan ta cika kilomita 99,999, mitar takan koma sifili. Haka lamba take yi a cikin kwamfuta. Idan wani sashe na manhaja ya san girman faifan na gaskiya amma wani sashen ƙidayarsa ta gaza, to ranar da aka ce a rubuta wani abu a bayan iyaka, sai adireshin ya zagayo ya koma farkon faifai. Farkon faifai kuwa nan ne rajistar yankuna da jerin sunayen fayiloli suke.

Masu kwamfutar Amiga ta kamfanin Commodore sun san wannan sosai. Samfuran Amiga 600 da 1200 na 1992 suna da mahaɗin IDE a ciki, kuma sa musu kati abu ne mai sauƙi, amma manhajarsu ta asali tana lissafi da bit 32 na bayit, wato gigabayit 4. Mutum zai iya yanka kati mai gigabayit 8 ba tare da wani gargaɗi ba, ya yi ta aiki har ranar da bayanai suka tsallaka gigabayit 4 suka faɗa kan farkon katin. Irin wannan ya faru da masu Windows 98, da masu Windows XP ta farko kafin gyaran 2002, a kan faifan da ya wuce gigabayit 137.

Saboda haka ƙa'idar da ƙwararru ke bi ita ce a yanka faifai a kan tsohuwar kwamfutar da za ta yi amfani da shi, da manhajarta, a kuma bar duk abin da ya wuce iyakarta fili ba tare da an yanka ba. Wanda ya yanka kati a sabuwar kwamfuta sannan ya kai wa tsohuwa, ya ba ta taswirar da ba lallai ta iya bi ba.

Wace adafta ce ta dace da wace na'ura?

Amsar ta dogara da irin mahaɗin da ke cikin kwamfutar, kuma manya guda uku ne.

Mafi tsufa shi ne na ST-506, wanda aka fi sani da MFM. Ana gane shi da wayoyi biyu masu faɗi, ɗaya mai haƙora 34, ɗayar mai 20. Faifan MFM ba shi da wayo ko kaɗan, katin da ke sarrafa shi ne ke tsara yadda ake rubutu a kansa, kuma kowane kamfani da salonsa. Ma'ana faifan da katinsa tamkar ma'aurata ne: idan aka raba su, wani katin ba lallai ya iya karanta abin da na farko ya rubuta ba. Babu wata adaftar USB da ke karanta irin wannan faifai. Duk wanda ya samu kwamfuta mai shi ya bar ta a haɗe yadda take. Don maye gurbinsa, masu sha'awa sun ƙera wani kati mai suna XT-IDE da ake sakawa a kafar faɗaɗawa ta PC/XT, yana zuwa da tasa BIOS ɗin, kuma wannan BIOS ɗin, XTIDE Universal BIOS, ana amfani da ita a kwamfutocin 386 da 486 don tsallake shingen megabayit 528.

Na biyu shi ne IDE, wanda Western Digital da Compaq da Control Data suka samar a 1986. A nan an mayar da katin sarrafawa cikin faifan kansa, sai waya guda mai haƙora 40, ko 44 a kwamfutar hannu. Wannan shi ne ke cikin mafi yawan tsofaffin kwamfutocin da suka shigo Najeriya da Nijar a matsayin kwance, kuma shi ne mafi sauƙin sha'ani. Katin CompactFlash, wanda SanDisk ta fitar a 1994, an ƙera shi yana jin yaren IDE tun asali. Adaftarsa ba ta da wata ƙwaƙwalwa, wayoyi ne kawai da ke kai haƙora 50 na katin zuwa 40 na kwamfuta, don haka abin da zai lalace a cikinta kaɗan ne. Adaftar katin SD da ta faifan SATA kuwa suna da ɗan guntun lantarki da ke fassara tsakanin yare biyu, kuma ingancinsu ya bambanta ƙwarai. Wata takan yi aiki a wannan kwamfuta ta ƙi a waccan ba tare da wani dalili bayyananne ba.

Ko CompactFlash ɗin ma yana da nasa hali. Yawancin katunan da aka yi don kyamara suna gabatar da kansu a matsayin abin da ake cirewa, kuma Windows 2000 da XP ba sa son zama a kan irin wannan. Katunan da aka yi don masana'antu su ne ke gabatar da kansu a matsayin kafaffen faifai. DOS ba ruwanta da wannan bambanci. Ga DOS, kati mai megabayit 256 ko 512 ya fi mai gigabayit 32 amfani, sai dai ƙananan katunan su ne yanzu suka fi wuyar samu.

Na uku shi ne SCSI, wanda Apple ta sa a Macintosh Plus a 1986, kuma shi ne a cikin kwamfutocin Mac da gidajen jaridu da maɗaba'u suka yi amfani da su wajen tsara shafuka, da wasu na'urorin haɗa kiɗa. Ana jera na'urori a kan waya guda, kowace da lambarta daga 0 zuwa 7, a kuma toshe ƙarshen wayar da wani abin rufewa, idan babu shi komai yakan rikice. An daina ƙera irin waɗannan faifai tuntuni. Abin da ya maye gurbinsu ƙananan alluna ne irin su SCSI2SD da BlueSCSI da ZuluSCSI, waɗanda ke kwaikwayon faifai. A biyun ƙarshe, kowane faifai fayil ne guda a kan katin SD, wanda ake iya kwafewa a ajiye a wani wuri cikin minti kaɗan. Iyakar ƙidaya tana nan duk da haka: manhajar Mac kafin System 7.5 ba ta karɓar yankin da ya wuce gigabayit 2.

Kafin a taɓa tsohon faifai

Ɗakin karatu na intanet na Qatar, wanda aka buɗe a 2014 da haɗin gwiwar Gidauniyar Qatar da babban ɗakin karatu na Birtaniya, ya ɗora dubban takardun ƙarni na 19 da suka shafi yankin Gulf, kuma duk mai ido yana iya karanta su. Wasiƙar da aka buga a kwamfuta a 1992 kuwa tana buƙatar faifan ya juya, a samu mahaɗin da ya dace, a kuma samu manhajar da ta san tsarinsa. Ta wannan fuska takardar da ta shekara 150 ta fi ta tsaro.

Zafi yana gaggauta lalacewar. A Umm Salal, kamar a Sakkwato ko Maraɗi, zafin bazara yana wuce digiri 40, kuma ɗakin ajiya da ba a sanyaya shi ya fi haka. Man da ke cikin injin faifai yakan bushe, kan karatu yakan manne da farantin, batirin da ke kan babban allo kuma yakan zubar da ruwansa ya cinye layukan tagulla. Mutuwar batirin tana da wata illa: a kwamfutocin 286 da 386, adadin silinda da kan karatu da gurbi na faifan ana shigar da su ne da hannu, batirin ne ke riƙe su. Idan suka ɓace, sai an mayar da ainihin lambobin da aka yi amfani da su tun farko. Sau da yawa suna rubuce a jikin faifan, wani lokaci kuma mai gyaran farko ya rubuta nasa da biro a kan wata 'yar takarda a cikin akwatin. Kada a yar da wannan takarda.

Faifan da ya shekara ashirin a ajiye yana iya tashi sau ɗaya ko sau biyu kawai, don haka tashin farko na kwafi ne. Ana ɗaukar hoton faifan gaba ɗaya, gurbi bayan gurbi, zuwa fayil guda, sannan a yi duk wani bincike a kan kwafin. Manhajar ddrescue ta kyauta da ke aiki a kan Linux an yi ta ne don wannan: tana fara kwashe wuraren da ke da lafiya, sannan ta dawo kan masu wuya. Idan Windows ta nemi a ba ta izinin shirya faifan ko goge shi, amsar ita ce a'a. Adaftar USB ta kasuwa takan karanta faifan IDE na ƙarshen shekarun 1990, amma da yawa ba sa jin adireshi mai lamba uku, don haka faifan da ya girmi 1994 yakan buƙaci kwamfuta ta tsakiya, irin ta wajen shekarar 2000, mai mahaɗin IDE a allonta. Sabon katin da aka sa wa tsohuwar kwamfuta shi ma ba ma'ajiya ta har abada ba ce, domin katin memori yana zubar da cajin da ke riƙe bayanai idan ya daɗe babu wuta, kuma zafi yana ƙara saurin hakan.

Ga mai rubutun Hausa akwai mataki guda da ake yawan mantawa. Manhajojin rubutu na farkon shekarun 1990 ba su da ɓ da ɗ da ƙ. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano yana cikin waɗanda suka ƙirƙiro salon haruffa na musamman don cike wannan giɓi. Irin waɗannan salo suna aron gurbin wata alama ne su zana harafi mai lanƙwasa a wurin. Idan aka buɗe fayil ɗin a sabuwar kwamfuta da ba ta da salon, duk inda ƙ take sai wata baƙuwar alama ta fito. Rubutun Larabci na wancan zamani yana da irin wannan matsala, domin an yi amfani da tsare-tsaren lambobi daban-daban, ciki har da ASMO 708, kafin Unicode ya game duniya. Don haka wanda ke kwashe littafi daga tsohon faifai ya haɗa da jakar salon haruffa da ke cikin Windows ɗin kwamfutar, da ita kanta manhajar da aka buga littafin da ita.